Tambayoyin Masu Karatu: Yoyon Taga da Tsagewar Gilashi

A wannan fitowar mun tattaro wasiƙun da suka zo mana a kan taga da gilashinta, mun kuma fara da matsalar da ta fi yawan masu kuka da ita, wato ruwan sama da ke kutsowa cikin ɗaki alhali taga tana rufe.

Tambaya: Duk lokacin da aka yi ruwa mai iska sai in tarar ruwa ya kwanta a gindin tagar ɗakina, bangon da ke ƙasanta kuma ya yi damshi har fenti ya fara ɓarewa. Tagar ta alminiyam ce mai zugewa, kuma gilashinta lafiyarsa ƙalau. Na sa an shafa silikon a kewayenta, amma yoyon sai ƙaruwa ya yi. Shin gilashin zan canza? (Daga wani magidanci)

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawar cire gilashin, domin ba a nan gizo ke saƙa ba. Gilashin da bai tsage ba ba ya yoyo, ko da ya shekara hamsin a wurinsa. Ruwa yana bi ne ta mahaɗa: ko dai tsakanin gilashi da firam, inda roba ko ƙullun liƙi yake, ko ta kusurwoyin firam ɗin, ko tsakanin firam da bango, ko kuma ya shiga ta wata tsaga a can saman bango ya gangaro ya ɓullo a taga. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare gyaransa daban ne, shi ya sa wanda ya sayi silikon kafin ya gano hanyar ruwan yakan yi asarar kuɗinsa da lokacinsa.

Maganar da ka yi cewa yoyon ya ƙaru bayan an shafa silikon ita ce ta fi ba ni haske. Masu ƙera tagar alminiyam mai zugewa sun san cewa ruwa zai shiga kwarmin da ke ƙasan firam, inda gilashin ke gudu, saboda haka sukan huda wasu ƙananan kafofi a fuskar firam ta waje domin ruwan ya fice. Ƙura da matattun ƙwari da ɓurɓushin siminti sukan toshe kafofin, sau da yawa kuma mai gyaran ne da kansa yake cika su da silikon, yana zaton ta nan ruwan ke shigowa. Da zarar sun toshe, kwarmin yakan cika ya tumbatsa, ruwan kuma ba shi da inda zai nufa sai cikin ɗaki. Don haka ka fara da share kwarmin da buroshi, ka zura siririyar waya cikin kowace kafa, ka ƙwaƙule duk silikon ɗin da aka cusa a cikinta, sannan ka zuba kofin ruwa a kwarmin ka leƙa waje. Idan ruwan ya fita nan take, akwai kyakkyawan zaton an gama aikin ke nan.

Idan yoyon bai tsaya ba, sai a yi gwaji da tiyo a ranar da gari ya bushe. Mutum ɗaya ya tsaya a ciki yana kallo, ɗayan yana waje yana zuba ruwa a hankali, ba da ƙarfin da zai tura ruwa inda ruwan sama ba ya kaiwa ba. A fara daga ƙasan tagar, a daɗe 'yan mintoci a wuri ɗaya, sannan a hau gefe, a ƙare da saman tagar da bangon da ke bisanta. Dalilin farawa daga ƙasa shi ne, idan aka fara daga sama ruwan zai wanke ko'ina a lokaci guda, ba kuma za a iya gane ta inda ya shiga ba. A kuma tuna cewa inda damshi ya bayyana a ciki ba lallai ne nan ruwan ya shiga a waje ba, domin yakan yi tafiya a cikin firam kafin ya sami mafita.

Idan gwajin ya nuna robar da ke riƙe da gilashi ce ta bushe, ta yi tauri ko ta takure ta bar giɓi a kusurwa, sai a yanki ɗan guntu daga jikinta a kai wa mai sayarwa domin a sami irinta, a kuma yanke sabuwar da ɗan tsawo fiye da buƙata, saboda roba takan takure bayan an sa ta. Idan kuwa tsakanin firam da bango ne, to a nan silikon yake da amfani, amma da sharuɗɗa. Dole a kankare tsohon gaba ɗaya, domin sabon silikon ba ya kama tsoho da kyau, kuma wurin ya kasance busasshe, babu ƙura babu maiƙo. Silikon iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai warin binega, wanda yake kama gilashi sosai amma ba ya jituwa da siminti, yana kuma iya cin wasu ƙarafa. Akwai kuma wanda ba shi da wannan tsamin, shi ne ya dace da mahaɗar firam da bango. Idan giɓin ya wuce milimita 6, a fara cusa siririn soso a ciki kafin a bi shi da silikon, in ba haka ba zai zurma. A bar shi ya yi aƙalla kwana guda kafin ruwa ya taɓa shi. Fenti ba ya zama a kan silikon, saboda haka wanda yake son ya fente wurin ya nemi abin liƙi na foliyuretan. Wani kuskuren da ya yi yawa shi ne liƙe taga ta ciki kawai: hakan yana ɓoye ruwan ne daga idon mai ɗaki, ya tura shi cikin bango inda ɓarnarsa ta fi muni. Liƙi na tsare ruwa daga waje ake yin sa.

Tambaya: Na wayi gari na ga gilashin tagar falona ya tsage daga gefe har zuwa tsakiya. Yara sun rantse ba su taɓa shi ba. Firam ɗin na ƙarfe ne, rana tana bugun tagar sosai, kuma bai daɗe ba da na sa aka manna masa baƙar leda mai rage haske. Gilashi yana tsagewa da kansa ne? (Daga wata uwargida)

Amsa: Hajiya, yana tsagewa, kuma bisa bayaninki ina ganin yaran gaskiya suka faɗa. Tsagar da kanta takan ba da shaida. Idan bugu ne, za ki ga wuri ɗaya da ya farfashe, tsagogi kuma sun bazu daga nan zuwa kowane ɓangare. Idan zafi ne, tsagar takan faro daga bakin gilashi, ta miƙe sosai daga jikin firam na ɗan taƙi kaɗan, sannan ta lanƙwasa ta yi yawo a fuskar gilashin, kuma ba za ki ga wurin bugu ba.

Yadda abin ke faruwa shi ne, rana tana ɗumama tsakiyar gilashin har ya buɗa, bakinsa kuwa yana ɓoye a cikin firam bai ɗauki zafi ba, sai tsakiyar ta riƙa jan bakin har ya kasa jurewa. Gilashi na yau da kullum yana iya tsagewa idan bambancin zafi tsakanin tsakiyarsa da bakinsa ya kai kimanin digiri 40 a ma'aunin Salsiyas. Baƙar ledar da aka manna tana ƙara masa shan zafi, haka ma labule mai kauri da ya manne da gilashi ya hana iska wucewa, ko inuwar da ta rufe rabinsa ta bar rabi a rana, ko na'urar sanyaya ɗaki da ke hura sanyi kai tsaye a kansa. Kusan ko da yaushe tsagar tana farawa ne daga inda bakin gilashin ya ɗan ɓantare tun lokacin yanka, shi ya sa nake ba da shawarar a duba bakin kowane gilashi kafin a biya kuɗinsa, a ƙi karɓar wanda ya yi kaca-kaca.

Tun da firam ɗinki na ƙarfe ne, akwai abu na biyu da ya kamata a duba idan an cire gilashin, wato tsatsa. Tsatsa tana cin wuri ninkin-ba-ninkin na ƙarfen da ta fito daga gare shi, saboda haka idan ruwa ya shiga bayan ƙullun liƙi, sai ta kumbura ta matse gilashin har ya fashe. Idan ba a kankare ta da buroshin waya an shafa fentin hana tsatsa ba, sabon gilashin ma hanyar tsohon zai bi. Idan kuma kin lura ƙofofin wannan ɓangaren sun fara cijewa, ko bangon ya tsage daga kusurwar taga, to ginin ne yake motsi, kuma wannan magana ce ta injiniyan gini.

Tambaya: Akwai wani gam da zan iya liƙe tsagar gilashi da shi ba sai na saya sabo ba? (Daga wani ɗalibi)

Amsa: Ɗan'uwa, akwai gam mai ruwa biyu da ake haɗawa, wanda ake kira efoksi, kuma yana iya cike ɗan ƙaramin ɓantare ko gajeriyar tsaga idan an wanke wurin ya bushe, aka cusa shi a ciki, aka kankare abin da ya yi saura da reza bayan ya daskare. Amma yana rage munin wurin ne kawai, ba ya mayar wa gilashin ƙarfinsa, kuma tsagar da ta kai baki za ta ci gaba da tafiya duk ranar da zafi ko iska suka matsa. Kafin ka sami halin canzawa, ka manna salatef mai faɗi a kan tsagar ciki da waje, ka ɗan zarce ƙarshenta, ka kuma daina buɗe tagar. Idan wani yanki ya riga ya faɗo, a rufe wurin da leda mai kauri ko katako. Wannan dabara ce ta 'yan kwanaki.

Tambaya: Tagata ta katako ce mai ƙananan gilasai, ɗaya ya fashe. Ina so in canza da kaina. Yaya zan yi? (Daga wani mai karatu)

Amsa: Malam, wannan aiki ne da mutum zai iya yi da hannunsa muddin gilashin ƙarami ne kuma tagar tana ƙasa. Gilashi yana da nauyi fiye da yadda ake zato: kowace murabba'in mita tana da nauyin kilo 2.5 a kan kowace milimita ta kauri, wato mai kaurin milimita 4 ya kai kilo 10, mai milimita 6 kuma kilo 15. Idan gilashin babba ne, ko kuma sai an hau tsani a bene, a bar wa masu sana'ar, kada garin neman gira a rasa ido.

Ka sa safar hannu mai kauri, da tabarau na kariya, da takalmi rufaffe, ka shimfiɗa kwali ko tsumma a ƙasa ciki da waje, ka kuma nisantar da yara. Ka manna salatef a kan fasasshen gilashin domin ya riƙe gutsattsarin, sannan ka riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya daga sama zuwa ƙasa, saboda kada na sama ya suɓuto a kan hannunka. Tsohon ƙullun liƙi da kurfi ake sassaƙe shi, idan ya yi tauri kuma a ɗan ɗumama shi ya yi laushi. A ƙarƙashinsa za ka tarar da ƙananan ƙusoshi da ke riƙe da gilashin, sai ka zare su da filaya. A nan akwai gargaɗi ga masu tsofaffin gidaje: tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, wadda ƙurarta ke cutar da ƙwaƙwalwar yara, har ta kai Amurka ta haramta irin wannan fenti a gidaje tun 1978. Saboda haka kada a ƙona tsohon fenti da wuta, kada kuma a goge shi a bushe. A jiƙa wurin, a rufe hanci, a share da jiƙaƙƙen tsumma.

Awo shi ne inda aka fi yin kuskure. Ka auna faɗin kwarmin da gilashin zai zauna a wurare uku, sama da tsakiya da ƙasa, haka ma tsayinsa, ka ɗauki mafi ƙanƙanta, sannan ka rage milimita 3 daga faɗin da kuma daga tsayin. Wannan ɗan sararin shi ne zai ba gilashi da katako damar motsi idan zafi da damshi suka sauya, kuma gilashin da aka cusa da ƙarfi ya cika kwarminsa taf ba ya daɗewa. Ka kuma auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu. Idan awon bai zo ɗaya ba, tagar ta karkace, gara ka yanko kwali daidai da wurin ka kai wa mai yanka. Ka tafi da guntun tsohon gilashin ma. Tun da kamfanin Pilkington na Ingila ya fito da dabarar zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza a 1959, gilashin taga kaurinsa ɗaya ne daga wannan baki zuwa wancan, saboda haka guntu ɗaya ya isa a san ko mai milimita 3 ne, ko 4, ko 5.

Kafin a sa sabon, a shafa wa kwarmin fentin farko a bar shi ya bushe. Ƙullun liƙi haɗin garin alli ne da man linsid, kuma katakon da ba a shafe ba yakan tsotse man, ya bar ƙullun ya bushe ya ruɓuɓɓushe tun kafin lokacinsa. Ka murza ƙullun a hannu har ya yi laushi, ka shimfiɗa shi siriri a cikin kwarmin, ka ɗora gilashin ka danna ta bakinsa, ba ta tsakiya ba, har ƙullun ya ɗan fito ta baya. Ka kafa ƙananan ƙusoshin a kwance a jikin gilashin, tazarar kimanin santimita 20, kana zame gefen kurfi a hankali maimakon bugu da guduma. Sannan ka bi da ƙullu na biyu ta waje, ka shafe shi da wuƙa a karkace yadda ruwa zai zame ya sauka. Zai ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye, kafin fuskarsa ta yi taurin da za ta karɓi fenti, kuma idan an zo fentin a bar shi ya hau kan gilashin da kamar milimita 2. Mutane da yawa sukan kankare wannan ɗan layin don neman tsafta, alhali shi ne yake hana ruwa shiga bayan ƙullun. Gutsattsarin tsohon gilashin kuma a naɗe su a kwali, a ɗaure, a rubuta a jiki, saboda masu kwashe shara.

Tambaya: Tagogin gidanmu masu gilashi biyu ne a haɗe. Ɗaya ta yi hazo a tsakani, na goge ciki da waje bai fita ba. (Daga wata mai karatu)

Amsa: Malama, ba zai fita ba, domin hazon yana tsakanin gilasan biyu ne inda hannu ba ya kaiwa. Irin wannan taga an liƙe bakinta tun daga masana'anta, da busasshiyar iska ko iskar argon a tsakani, da kuma wani sinadari mai tsotse damshi a cikin siririn ƙarfen da ya raba gilasan. Idan liƙin ya mutu, damshi yakan riƙa shiga har sinadarin ya ƙoshi, daga nan sai hazo ya bayyana. Babu silikon ɗin da zai gyara wannan daga waje. Maganinsa shi ne a cire haɗaɗɗen gilashin a sa sabo, firam ɗin kuwa yana nan a wurinsa, kuma yana da kyau ki duba takardar sayen ko wa'adin garanti bai ƙare ba. Wannan ya bambanta da raɓar da ke kwanciya a fuskar gilashi ta cikin ɗaki, wadda ake iya gogewa da tsumma: ita tururin girki ne da wanka da numfashi ke haɗuwa da gilashi mai sanyi, kuma ba ta buƙatar mai gyara, sai dai a riƙa buɗe taga iska ta ratsa.

Tambaya: Gilashin ƙofarmu ya fashe, kuma muna da ƙananan yara. Wane iri ya kamata mu sa? (Daga wani mahaifi)

Amsa: Malam, kada ka mayar da gilashi na yau da kullum a ƙofa, ko a tagar da ta sauko kusa da ƙasa, ko a banɗaki, domin idan ya fashe yakan rabu zuwa dogayen gutsattsari masu kaifi da ke yin mummunan rauni. Zaɓi biyu gare ka. Na farko shi ne gilashin da aka gasa a zafin da ya wuce digiri 600 aka kuma sanyaya shi da sauri, wanda ya fi na yau da kullum ƙarfi kamar sau huɗu zuwa biyar, idan ya fashe kuma yakan ruguje zuwa ƙananan tsakuwa marasa kaifi sosai. Na biyu shi ne mai falle biyu da aka manne da siririyar leda a tsakani, dabarar da Bafaranshen nan masanin sinadarai Edwar Benediktus ya yi wa rajista a 1909, kuma irinsa ne ake sawa a gaban mota. Ko ya tsage gutsattsarin suna nan manne da ledar, ƙofar kuma ba ta zama a buɗe. A ƙofar da ke fuskantar waje na fi son na biyun, saboda yana kare yaro yana kuma wahalar da mai son fasawa ya shiga. Idan na farkon ka zaɓa, ka tabbatar da awonka kafin ka ba da oda, domin ba a iya yanka shi ko huda shi bayan an gasa, kuma ka duba kusurwarsa ka ga tambarin masana'anta da ke nuna irinsa kafin a ɗaura.